Birkin Hannu Na Lantarki: Daga Ina Ake Fara Neman Cutar?

A filinmu na sana'o'i na wannan wata za mu leƙa garejin kanikawa, mu duba wata matsala da ta fara damun direbobi da masu motoci a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Matsalar kuwa ita ce ta birkin hannu na lantarki.

Duk wanda ya tuƙa Peugeot 504 ko Golf 3 ya san birkin hannu. Sanda ne ake ja da hannu, wayar ƙarfe ta ɗame tayoyin baya. In ya daina kamawa, bakanike ya shiga ƙarƙashin mota ya ga wayar da idonsa, ko ta saki a ɗaure ta, ko ta tsinke a sauya. To, motocin da ake shigo da su yanzu da yawansu ba su da wannan sanda. A madadinsa akwai ɗan maɓalli kusa da giya, an rubuta harafin P a kansa cikin da'ira. Ka ja shi da ɗan yatsa birki ya kama, ka taka birkin ƙafa ka danna shi ya saki.

Abin da daɗi ranar da yake lafiya. Ranar da ya ƙi, mota sai ta tsaya cik kamar jakin da ya ƙi tafiya, inji na aiki, mai ya cika tanki, amma tayoyin baya a ɗaure. In a ƙofar gida ne da sauƙi. In kuwa a hanya ne, a ce tsakanin Tsafe da Yankara, kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa wannan hanya a shekarun nan, ba inda mutum zai so magariba ta riske shi da iyalinsa ba ne. Akwai kuma asarar kuɗi. Sau da yawa mai mota kan sayi kayan gyara masu tsada daga Kano ko Kaduna, a ɗaura, fitilar gargaɗi ta ci gaba da ci, daga baya a gano ashe kan batir ne ya yi sako-sako. Saboda haka abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne tsarin bincike: a fara daga abu mai araha, a ƙare a kan mai tsada.

Daga ina ya fito?

An fara sa wannan birki a motocin sayarwa ne a shekarar 2001, a cikin manyan motocin masu hali irin su BMW 7 ta ƙasar Jamus da Lancia Thesis ta Italiya. A 2005 kamfanin Volkswagen ya sa shi a Passat, daga nan ya sauko cikin motocin kowa da kowa. Sharan sabon yayi da aka fara ƙerawa a 2010 tana da shi, haka Golf 7 ta 2012. Wannan ya kamata 'yan tasha su lura da shi, domin Golf da Sharan su ne jakunan hanyar Gusau zuwa Funtuwa da Gusau zuwa Sakkwato, kuma duk tsohuwar da ta mutu ƙanwarta ce za ta gaje ta. A ɓangaren motocin Japan, Honda Civic ta 2016 da CR-V ta 2017 da Accord ta 2018 duk suna da shi, haka Toyota RAV4 ta 2019 da wasu nau'o'in Camry daga 2018. Wato bakaniken da ya ce shi ba ruwansa da wannan birki, nan gaba kaɗan ciniki ne zai ce ba ruwansa da shi.

Yadda yake aiki

Iri biyu ne. Na farko bai rabu da tsohuwar wayar ƙarfe ba, sai dai maimakon hannun direba, wani ɗan inji na lantarki ne a ƙarƙashin mota ke jan ta. Na biyu, wanda shi ya fi yawa yanzu, kuma a kansa za mu fi tsayawa, ba shi da wayar ƙarfe ko kaɗan. A bayan kowane kalifa na tayoyin baya, wato ƙarfen nan da ke rungume da faifan birki, an ɗaura ɗan inji guda, ɗan'uwan injin waifa. In ya juya, sai ya murɗa wani dogon sukuru, sukurun ya tura fistin, fistin ya matse fad a jikin faifai. In aka juya masa wutar, wato mai kyau ta koma wurin maras kyau, sai ya juya da baya, birki ya saki. Waya biyu ce kawai ke shiga kowane ɗan inji.

A nan akwai abu biyu da in mutum ya gane su, ya gane rabin aikin.

Na ɗaya, sukurun nan kamar jak ɗin mota yake. In ka murɗa jak mota ta ɗaga, ka saki hannunka, ba ya saukowa da kansa. Haka wannan birki: wuta ake bukata a ɗaure shi, wuta ake bukata a kwance shi, amma ba ya bukatar wuta don ya riƙe. Shi ya sa in batir ya mutu cikin dare, da safe za a tarar da mota a ɗaure, ko turawa ba za ta yi ba.

Na biyu, maɓallin da direba ke ja ba shi ke ba ɗan injin wuta ba. Shi ɗan aike ne kawai. Yana kai saƙo ga wata 'yar kwamfuta, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ce ke yanke hukunci. A wasu motoci akwatinta daban yake, a sababbi kuma an haɗe ta da akwatin ABS, wato na'urar da ke hana taya sulɓewa in an taka birki da ƙarfi. Kafin ta amsa saƙon sai ta yi tambayoyi: shin an taka birkin ƙafa? Mota tsaye take ko tafiya take yi? Wutar batir ta isa? In amsa ɗaya ba ta gamsar da ita ba, sai ta ƙi aiki ta kunna fitila.

Kuma wannan kwamfuta ba ta da ido a cikin taya. To yaya take sanin birki ya kama? Tana auna yawan wutar da ɗan injin ke sha ne. Yayin da yake juyawa a sake wuta kaɗan yake sha. Da fad ya taɓa faifai, aiki ya yi nauyi, sai shan wutarsa ya hau, har ya kai amfiya 15 ko 20. Da ta ga ya kai adadin da aka tsara mata, sai ta ce ya kama, ta yanke wuta. Ke nan duk abin da zai rage wa wutar ƙarfi a hanya, ko raunin batir, ko tsatsa a soket, ko wayar da ta kusa tsinkewa, zai ruɗa lissafinta, ta ɗora wa ɗan injin laifi alhali lafiyarsa ƙalau.

Kunne da ido kafin sifana

Gwajin farko kyauta ne. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa giya a P, a sa wa tayoyin gaba weji. A kashe rediyo da iyakwandishan. Mutum ɗaya ya zauna ciki yana ja yana dannawa, wani ya tsuguna kusa da tayar baya ta dama ya saurara, sannan ya koma ta hagu. Lafiyayyen birki kan yi 'yar ƙara "zuuu" ta daƙiƙa ɗaya ko biyu a kowace taya, sannan ya yi shiru.

In ɗaya ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru, an rage aiki. Batir da maɓalli suna aiki ke nan, cutar tana gefen da ya yi shiru, ko a wayarsa ko a ɗan injinsa. In duka biyu suka yi shiru, da wuya a ce injuna biyu sun mutu rana ɗaya, sai a nemi abin da suka yi tarayya a kai: batir, fis, maɓalli, ko makunnin birkin ƙafa. In kuwa ana jin yana ta juyawa ba ƙaƙƙautawa amma taya ba ta kamu ba, wuta na zuwa, haƙoran cikin ɗan injin ne suka cinye. In ya fara da nishi ya katse nan take, ko wuta ce ba ta isa ba, ko kalifa ne ya cije saboda tsatsa da laka.

Sai fitilun dashbod. Jan P da ya tsaya cak yana nufin birki a ɗaure yake, ba matsala ba ce. Jan P mai ƙiftawa yana nufin an ba da umarni amma aikin bai kammala ba. Mai ruwan ɗorawa yana nufin kwamfuta ta ga laifi ta rubuta shi a cikinta. Amma in jar alamar motsin rai ce cikin da'ira ta ƙi mutuwa bayan an saki birki, a buɗe bonet a duba man birki tukuna. Wannan maganar birkin ƙafa ce, kuma ba a hawa titi da ita.

Batir, babban wanda ake zargi

Direba zai ce, "Ai batirina lafiya lau, ga fitila na ci, ga hon na kuka." Wannan ba shaida ba ce. Fitila da hon ba su da tsirfa, ko da ragowar wuta sai su yi aiki. Kwamfutar birki kuwa in wuta ta yi ƙasa ba ta yarda ta fara abin da ba za ta iya ƙarasawa ba.

Maganin gardama shi ne mita, wadda ake samu a shagunan kayan lantarki, kuma kuɗinta bai kai na fad guda ba. Ga lambobin da za a riƙe. Mota a kashe, ta huta, cikakken batir zai nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.4 ya ɗan ragu. In ya sauka 12.0 ko ƙasa, ya kusa ƙarewa, a yi masa caji kafin a taɓa komai. Lokacin da ake tayar da inji kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In inji ya tashi kuma, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5, alamar altaneta na caji ke nan.

Ƙasarmu ba ta tausaya wa batir. Zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Gusau kan kai 40 har ya wuce, yana ƙafar da ruwan batir yana cinye farantan cikinsa. Ga gargadar hanya da ke kwance kan batir. A duba kawunan nan biyu: in hannu zai iya juya su, ko sun yi farin gari ko kore, a kwance a kankare a ɗaure tam. Masu cusa ƙusa ko guntun gwangwani don kan ya kama su daina. A bi baƙar wayar nan mai kauri har inda aka ɗaure ta a jikin mota, wadda kanikawa ke kira at. Duk wutar da ta fita ta nan take komowa, in wurin ya yi tsatsa mota sai ta yi ta kawo ƙorafe-ƙorafen da ba su da alaƙa da juna.

Akwai wata tsohuwar dabara da ya wajaba a binne ta. Wato cire kan batir inji na aiki, wai a ga ko altaneta na caji. A zamanin 504 an yi an kwana lafiya. A motar yau wutar kan yi tsalle ta ƙone kwamfuta, ba ta birki kaɗai ba. Haka in za a yi walda a jikin mota, a cire batir tukuna. In za a ja wuta daga wata mota kuma, a tabbata ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi.

Fis da makunnai

In batir ya fita daga zargi sai fis. Sau da yawa birkin nan yana da fis fiye da ɗaya: manya na injunan, ƙarami na kwamfutar. Zanen wurinsu yana jikin murfin akwatin fis ko cikin littafin mota. A gwada da mita, domin ido kan yi kuskure. In ya ƙone a sa mai lamba irin tasa. In sabon ya sake ƙonewa, to wata waya ce ke taɓa bodi, a neme ta. Naɗa zaren waya ko takardar sigari a kan fis kamar ɗaure bakin kare ne don ɓarawo ya daina damun mutane.

Daga nan a sa yaro ya tsaya bayan mota, a taka birkin ƙafa. Jajayen fitilun baya sun kama? In ba su kama ba, mai yiwuwa ɗan makunnin da ke saman fedar birki ne ya lalace. Kwamfuta ba ta san an taka birki ba, don haka ba za ta saki ba ko an shekara ana dannawa. Ƙaramin abu ne mai araha, amma ya sha sa a kwance tayoyin baya a banza.

Shi kansa maɓallin P a kwance yake yana kallon sama, daidai inda ake ajiye ledar ruwa da kofin shayi da gorar kunu. Abin da ya zube cikinsa yake shiga, ƙurar hunturu ta biyo baya, su haɗu su zama danƙo. In maɓallin ya yi tauri ko ba ya komowa da kansa, a ciro shi a duba.

Waya: inda cutar ta fi ɓuya

In gefe ɗaya ne ya yi shiru, a ɗaga mota a kan jak, a tokare ta da abin da ba zai goce ba, a cire taya. Za a ga wayar da ta sauko daga bodi zuwa kalifa. Wannan waya ba ta hutawa. Duk ramin da taya ta faɗa sai ta lanƙwashe ta miƙe. Motar da ke shiga ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe ranakun kasuwa, ta hanyoyin da ba kwalta, wayarta na yin aikin shekara cikin wata guda. A ƙarshe zaren tagullan ciki kan karye, robar waje kuwa tana nan sumul. Alamarta ita ce ciwo mai zuwa yana tafiya: yau lafiya, gobe fitila, musamman in an yi lodi ko an bi gargada. A wasu motoci wayar sensar ABS a kwasfa ɗaya suke tafiya da ita, shi ya sa fitilun biyu kan kama tare. A sa wani ya riƙa ja da danna maɓalli, bakanike yana lanƙwasa wayar taƙi bayan taƙi. Inda ɗan injin ya farka, nan karayar take.

A zare soket a leƙa cikinsa. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, motocinmu kan keta ruwa da laka, kuma wannan soket yana dab da ƙasa. Masu wankin mota su ma kan harba masa ruwan inji kai tsaye. In an ga kore ko fari a bakin ƙarafunan, ruwa ya shiga. A wanke da maganin wanke soket, a busar, a duba ko zoben robar da ke hana ruwa shiga yana nan. Wanda ke ajiye mota kusa da rumbu ko buhunan hatsi kuma ya duba aikin ɓera.

Ga wani tarko da ke kama har ƙwararru. Bakanike ya sa mita a kan waya, ta yi ƙara, ko ta nuna bolt 12, sai ya ce waya lafiya. Ba lallai ba ne. Manoman rani na fadamun Kogin Sakkwato za su fi kowa gane wannan. Tiyon da aka taka da dutse, in ka duba bakinsa za ka ga ruwa na ɗiga, amma ba zai shayar da fangali ba. Wayar da saura zare ɗaya ko biyu ya riƙe ta haka take: ta ishi mita, ba ta ishi injin da ke neman amfiya 15 ba. Don haka a gwada ta da kaya a kanta. A zare ta daga kwamfuta da kuma ɗan injin, a ba ta wutar batir ta gefe ɗaya ta hanyar fis, a ɗaura ƙwan babbar fitilar mota a ɗaya gefen. In ƙwan ya haska sosai waya na da rai. In ya yi ja-ja kamar garwashi, akwai matsewa a hanya. Mai mita kuma zai iya auna wutar da ke ɓacewa tsakanin farkon waya da ƙarshenta lokacin da take aiki. In ta wuce rabin bolt, da gyara.

In an sami karayar a haɗa da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin tef ba zai ga ƙarshen damina ba. Ƙyasta waya a jikin bodi don a ga tartsatsi kuwa, wannan hanya ce ta sayen sabuwar kwamfuta.

Sai yanzu aka zo kan ɗan injin

A zare soket ɗinsa, wannan wajibi ne, don kada wuta ta koma wa kwamfuta. A kawo waya biyu daga batir, da fis a tsakani, a taɓa ƙafafunsa biyu na ɗan lokaci. Zai juya gefe ɗaya. A sauya wayoyin, zai juya ɗaya gefen. Da an ji ya kai ƙarshe a ɗauke hannu. Kada a tura shi waje alhali an cire fad, fistin zai fito man birki ya zube. In ya juya gaba da baya da ƙarfi, lafiyarsa lau, a koma kan waya. In ya yi shiru, ko ya yi zafi bai motsa ba, a kwance shi daga kalifa a sake gwadawa. Wani lokaci da an raba su sai ya juya sarai, ashe kalifa ne ya cije, aikin wankewa da man giris ne. A inda injunan dama da hagu iri ɗaya ne, ana iya musanya su. In ciwon ya bi injin zuwa ɗaya gefen, an kama mai laifi.

Ita kwamfutar ita ce ta ƙarshe a layi, kuma ita ta fi ƙarancin lalacewa, sai in ruwa ya shige ta ko an ƙone ta da ganganci. A sani kuma, in an sayo ta hannu daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ba a ɗaurawa kawai a tafi. Yawanci sai an daidaita ta da motar ta hanyar na'ura.

Na'urar gwaji da maganar karatu

Tun 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi sahu daga 2001. Nan ake jona na'urar da kanikawa ke kira sikana, ta karanto abin da kwamfuta ta rubuta. Kowane laifi da lambarsa. Mai farawa da P na inji da giya ne, mai C na birki da ƙafafun mota, mai U kuma yana nufin kwamfutocin motar sun daina jin maganar juna. A lura, ƙananan sikana masu araha da yawansu lambobin inji kawai suke gani. Sai su ce ba laifi, ga fitila kuwa tana ci.

Kuma sikana ba boka ba ce. In ta ce "layin injin hagu a buɗe yake", ba ta ce a sayi inji ba. Unguwa ta nuna, ba gida ba. Ko soket ne, ko waya, ko injin, sai mita ta raba gardama. Mai mota yana da haƙƙin ya ce a rubuta masa lambar a takarda kafin a goge ta, kuma ya tambaya, "Malam, an auna batir? An gwada wayar?" Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

A nan ne za mu yi magana da iyayen gidan gareji. Gyaran 504 da kunne da hannu ake koyonsa. Wannan kuwa sai an bambanta 12.6 da 12.0, an karanta lambar fis, an bi zanen waya, an kwafi lambar laifi ba tare da an juya ta ba. Yaron da bai iya karatu da lissafi ba zai tsufa yana miƙa sifana. Azuzuwan yaƙi da jahilci na yamma a buɗe suke, awa biyu da maigida zai saki yaransa ba za ta rage masa ciniki ba. Shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA su ma suna da rawar takawa a nan.

Canjin fad

Wani kaso na wannan ciwo a gareji ake ɗaukarsa. Mota ta zo canjin fad na baya lafiya lau, yaro ya sa ƙarfe ya danne fistin da ƙarfi kamar yadda ya saba, alhali sukuru na tokare da shi daga ciki. Sai haƙora su karye. Ka'ida ita ce a fara sa birkin a yanayin gyara, da sikana, ko da wasu danne-danne da littafin wasu motoci ya bayyana, sukurun ya koma baya, sannan a tura fistin. In an gama a taka birkin ƙafa sau da yawa har ya yi tauri, a fitar da shi daga yanayin gyara, a ɗaure a saki sau biyu ko uku. Kafin ka ba da motarka, tambayi mai gyaran yadda zai mayar da fistin. Amsarsa za ta gaya maka ko ka bar ta ko ka yi gaba.

In ya kama ka a hanya

Kada ka ba ta wuta da ƙarfi wai ta ƙwace, fad da faifai za su ƙone. Rufe ƙofa, ɗaura bel, tayar da inji, taka birkin ƙafa sosai, ja maɓalli sannan ka danna. In ya ƙi, kashe motar, jira minti biyu, sake gwadawa. Duba kan batir. In batir ne ya yi sanyi, jan wuta daga wata mota kan wadatar. In duk ya faskara, bakanike zai iya ba injin wuta kai tsaye kamar yadda muka bayyana, ko ya kwance shi ya murɗa sukurun baya da hannu. Masu wayar ƙarfe kuma wasunsu na da igiya ko makullin sakin gaggawa, littafin motar zai nuna wurinsa, kuma a gida ya kamata a nemo shi tun kafin ranar bukata. Bayan an saki ta haka mota ba ta da birkin hannu, sai a riƙa barin ta a P ko cikin giya, da weji, balle a gangare irin na gindin dutsen Kwatarkwashi. In janwe za a kira, a ɗora ta bisa, kada a ja ta tayoyin baya na gurzar kwalta.

Wani abu da direbobi da yawa ba su sani ba: a yawancin motocin nan, in birkin ƙafa ya ƙi ko direba ya suma mota na tafiya, jan maɓallin P a riƙe shi zai sa mota ta rage gudu har ta tsaya. Da an saki ya daina. Ya kamata wanda ke zama gidan gaba ya san da haka.

Masu shirin sayen mota ta hannu kuma, wasu daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka ambaliya ce ta ci su a can, irin ta guguwar Harvey a 2017 da Ian a 2022, wasu kuma gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya ci wayoyinsu. A ɗaga kafet a shinshina, a nemi busasshiyar laka. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a ga fitilun birki da na ABS sun kama sannan sun mutu, domin wadda ba ta kama ba sam wataƙila rufe ta aka yi. Sannan a tsuguna a bayan motar, dillali na ja yana dannawa, a ji ƙarar tayar dama, a ji ta hagu, sau biyar a jere, kafin a fara maganar kuɗi.